Wanne za mu fara koya wa yara kafin ruwan bana ya iso?

Baban Yara (Kusiri): Assalamu alaikum jama'ar gida, ku yi haƙuri yau zan ɗan ja zance. Jiya da daddare muna hira da tsohuwata sai zancen ruwan 2022 ya taso, shekarar da kogin Logon ya shigo mana har ɗaki, sai ta faɗa min wata magana da ta hana ni barci. Ta ce a daren nan mu goma sha ɗaya ne a gidan, har da biyu da suka gama jami'a, amma da a ce ita ta yi tafiya da duk mun zama abin tausayi. Na buɗe baki zan musa sai na tuna ai gaskiya ta faɗa. Ita ta hura wuta da jiƙaƙƙen icce a tudun da muka koma, ita ta san yadda za a kwantar da ruwan laka har ya shawu, ita ta naɗe takardunmu cikin leda ta rataya a wuya tun saura kwana biyu ruwa ya zo, lokacin muna ta yi mata dariya muna cewa Iya ta fara ruɗewa. Ni kuwa abin da na iya a daren shi ne ɗaga waya sama ina neman rezo. To ga shi yara suna hutun lekol, ba aikin fari ba na baƙi sai latsa waya, tsohuwa kuma ƙarfi ya fara ja baya. Me kuke ganin ya kamata in fara sa su koya, abin da idan rana ta ɓaci hannunsu zai iya yi ba sai an jira wani ba? Ba kayan da za a saya nake tambaya ba, don Allah kar wani ya turo min hoton jakar Turawa mai tocila da wuƙa.

Ɗan Klando (Marwa): Hhhh wallahi Yaya ka tare ni, ita na yi niyyar turowa

Masunci (Yagwa): Wa alaikumus salam. Iyo. Iyo ne farko, iyo ne na biyu. Ni abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu Hausawa na bakin kogin nan, a haifi yaro a Kusiri, ga Logon ga Shari, ya yi gemu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ku dubi yaran Kotoko da Musgun, tun suna ƙanana suke wasa da ruwa, su tuƙa kwalekwale da gora su kai ka tsallake. Mu kuma kullum kar ka je bakin ruwa akwai aljanu. Lokacin da ruwa ya ci Yagwa a 2024 har gadar cikin gari ta karye, na ga ƙato majiyi ƙarfi ya rungume itace yana salati cikin ruwan da da ƙyar ya kai masa ƙirji, don bai san yadda zai tsaya cikin ruwa mai gudu ba.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): A'a ɗana, ka bar wannan. Duk damina sai an yi kukan yaro a Mayo Kaliyao, kogin nan namu na Marwa, kuma waɗanda ruwan ke tafiya da su ai masu cewa sun iya ne. Wanda bai iya ba yana gida kusa da uwarsa. Ni jikokina ko da wasa ban yarda ba.

Masunci (Yagwa): Inna Allah ya ƙara girma, maganarki akwai gaskiya ciki amma ruwan naku daban ne. Mayon Marwa rairayi ne zalla yawancin shekara, sai an yi ruwa can kan duwatsun Mandara ya sauko gaba ɗaya da gudu da itatuwa da komai, wannan ko ni da na tashi cikin ruwa ba zan shiga ba. Kuma wannan ma cikin koyon yake, yaro ya san ruwan da ake shiga da wanda ake ba hanya. Ba gasar tsallake kogi nake cewa a koya masa ba. Ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa ya saki jiki ya yi numfashi har a zo masa, ya san idan ruwa ya ja shi ba ya kokawa da shi sai ya bi shi yana karkata zuwa gaɓa. Sannan babban abu, idan ya ga wani na nutsewa kar ya faɗa, ya miƙa masa gora ko rawani ko igiya, ko ya jefa masa bido, wato jarka, marar komai a rufe, bidon lita 20 yana ɗaukar babban mutum sarai. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, ko ubansa ne ya zo zai danne shi ƙasa, shi ya sa sau da yawa gawa biyu ake fitarwa.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): Na bidon na yarda. Shiga ruwan dai ban yarda ba.

Makanike (Waliya, Njamena): Baban Yara kafin iyo ma ku koya musu kallon kogi. Mu nan Waliya abin da ya ci mutane da yawa a 2022 shi ne sun ga damina ta ɗauke, sama tas ba gajimare, sai suka saki jiki. Alhali ruwan da ke cin mu ba namu ba ne, na kudu ne. Logon daga wajen Adamawa yake tasowa, Shari daga Afirka ta Tsakiya, sai sun ɗauki makonni a hanya kafin su haɗu a nan, shi ya sa sai watan 10 zuwa farkon watan 11 kogi ke kai ƙarshen cikarsa. A watan 10 ɗin ne ma gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci kan ambaliyar. Wani tsoho maƙwabcina sanda kawai ya kafa a bakin ruwa yana yi mata zane da wuƙa kowace asuba, da ya ga kullum ƙaruwa take ya kwashe iyalinsa da awakinsa a natse da amalanke, mu da muka tsaya jiran sanarwa da daddare muka fita kaya a ka. Kuma cika buhu da ƙasa ma sai an iya, ba a cika shi taf, a bar shi da ɗan sauƙi yadda zai kwanta, a jera kamar ginin bulo kowane ya hau tsakanin biyu a tattake. Na ga masu ɗora buhu kan buhu a miƙe, ruwa ya zo ya ture kamar ba a yi ba.

Nas (Garwa): Salam. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki tunda abin ya zo ɓangarena. Iyo da buhu duk daidai ne, amma ku sani bayan ruwa ya shigo ya fita, abin da ke cika mana asibiti ba nutsewa ba ne, gudawa ce. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, shi ke nan. Wanda ya ga kwalarar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ba sai an ba shi labari ba. Don haka ni a wajena duk yaron da ya kai shekara 10 ya kamata ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari da ka, ba tare da ya duba takarda ba. Ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe ba a tula ba, gishiri rabin cokalin shayi. Shi ke nan. A ɗanɗana, kar gishirinsa ya wuce na hawaye. A riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai a ɗan dakata kamar minti 10 a ci gaba, mai shan nono kuma kar a cire shi daga nono. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In akwai na sashe, wato wanda aka haɗa cikin 'yar leda, daga farmasi ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ga yara, na gida na lokacin da babu ne. Kuma don Allah ku lura da gorar da kuke awo, manyan gorunan ruwan da muke saye lita ɗaya da rabi ne ba lita ɗaya ba. In kuwa gudawar kamar ruwan wankin shinkafa ce, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ana ba shi ana tafiya asibiti, ba a jira gari ya waye.

Amarya (Ngaundere): Aunty na gode, na ajiye wannan. To ruwan mai tsabta fa daga ina, in fanfo ya ɗauke rijiya ta ɓaci?

Baban Yara (Kusiri): Tsohuwata 'ya'yan zogale ta daka ta zuba a bokiti, cikin ɗan lokaci laka ta kwanta ruwa ya yi garau. Wani lokaci kuma alif take sawa.

Nas (Garwa): Iya ta yi daidai amma rabin aiki ne, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Zogale da alif suna kwantar da datti ne, ido ya ga ruwa fari, amma ba sa kashe duk ƙwayoyin cuta. Sai a tace da tsumma mai tsabta a tafasa, ya yi tafasa sosai ta minti ɗaya aƙalla ba wai ya yi zafi kawai ba. In ba icce, ga ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa, a bi abin da aka rubuta jikin sashen a jira minti 30. In ita ma babu to ga rana kyauta, wadda Allah ya hore mana har ta yi yawa: a zuba ruwan da ya riga ya kwanta cikin gorar roba fara mai shara-shara, a kwantar kan kwano awa 6 cikin rana, in da hadari kwana 2. Javel, ruwan bilicin wanki, ma ana amfani da shi amma ba zan rubuta ɗigo nawa a nan ba don ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, wani ma an tsarma shi da ruwa a kasuwa, gara mutum ya tambaya a asibitin unguwarsu da kwalbar a hannu. Sannan randar da kowa ke tsoma moɗa da hannunsa tana mayar da aikin baya, gara bido mai murfi a riƙa tsiyayawa.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): 'Yata mu da muka sha ruwan mayo muka girma har muka ga jikoki fa?

Nas (Garwa): Inna ku ne kuka rage, Allah ya ƙara lafiya. Ki tuna yara nawa aka binne a gidajenku lokacin ana cewa haƙori ne ko shawara.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): Hmm. Uku a ɗakin uwata. Allah ya jiƙan su.

Malam na Tsangaya (Garwa): Amin. Ina ganin wasu a gefe suna cewa duk wannan shiri rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne ba makawa, amma ku koma ƙissar Annabi Yusuf alaihis salam, ba cewa ya yi a zauna a jira yunwa ba, ya ce a yi noma shekara bakwai a ajiye, har yadda za a ajiye ɗin ya faɗa, a bar hatsin a zangarniyarsa. Kuma haka kakanninmu ke yi, damin gero da dawa a rumbu ba a sussuka ba, ya fi daɗewa. Yanzu gida nawa ne cikin birni ke da abincin mako biyu a ajiye? Kullum sai an je kasuwa da kuɗin cefanen ranar. Lokacin da gadar Palar da ke Marwa ta karye a 2020 ai mun ga yadda hanyar Marwa zuwa Kusiri ta rikice, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Gada ɗaya ce fa.

Ɗan Klando (Marwa): Allah gafarta Malam ajiya sai mai shi, wanda na yau ma da ƙyar ya samu me zai ajiye

Inna Mai Ƙosai (Domayo): Kai ɗan nan kullum ka zo wajena ƙosai da kunu na 500 kake ci, kar ka sa in tona ka. Ajiya ba sai buhu goma ba. Uwata duk sanda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi tafi ɗaya na hatsi ta zuba wata tukunyar daban, kafin damina ta tsaya ta tara abin da zai riƙe mu watan 8 lokacin da rumbu ya yi ƙasa kasuwa ta yi wuta. Abin da 'yan matan yanzu ba su iya ba shi ne shanya. Lokacin da tumatir ya yi arha har ana zubarwa, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa haka, kuka, yakuwa, zogale a inuwa ake shanya shi ba a rana ba don kar ya ƙone ya yi ja, tattasai, albasa, nama a yanyana siriri a sa gishiri. Duk wannan ba ya son firiji ba ya son kuran. Jikata ta ce min wai a kanti ake sayen komai, na ce ranar da kanti ya rufe sai ki dafa rasit ɗin. Wake ne mai wahala, ni sana'ata ce na sani, wata biyu ka buɗe buhu ka ga ƙwari sun mayar da shi gari. Da can da toka muke cakuɗawa, a tankaɗe toka a haɗa da waken a cika tulu a liƙe.

Manomi (Mokolo): Inna yanzu akwai buhun PICS, mai leda biyu ciki da buhu a waje, ki shanya waken ya bushe ƙayau, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, ƙwarin iska ke ƙare musu su mutu, ba magani ko ɗigo. Kuma abin da mutane ba su sani ba dabarar nan a nan Marwa aka fara gwada ta, masu bincike na IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da wata jami'ar Amurka mai suna Purdue. Bido mai murfi da ke rufuwa gam ma yana yin aikin in an cika shi taf. Abin da nake roƙo a bari shi ne zuba maganin feshin auduga ko ƙwayar nan mai wari cikin abincin da za a ci, a ajiye kuma a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ba ajiya ba ce.

Amarya (Ngaundere): Ni dai tsorona wuta ne. Mun koma gas kwanan nan kuma kullum gabana faɗuwa yake

Makanike (Waliya, Njamena): Ƙanwata abu uku. In kin shiga kin ji warin gas kar ki taɓa makunnin lantarki, kar ki ƙyasta komai, ki rufe kan tukunyar ki buɗe ƙofa da taga. In kina zargin tiyo na yoyo ruwan sabulu ake shafawa a ga kumfa, ba ashana ba, na rantse akwai masu gwadawa da ashana. In mai ya kama wuta a kasko kar ki watsa ruwa, tashi zai yi har rufi, ki kashe gas ki rufe da murfi ko jiƙaƙƙen buhu da aka matse. Sai janareto, wannan na fi jin takaicinsa don yana kisa shiru, hayaƙin da ke kashewar ba shi da wari, mutane su shigar da shi ɗaki ko zaure don tsoron ɓarawo su kwanta, safiya ta yi ba wanda ya tashi. Garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi ma haka, ku na Ngaundere ku kula. Lambar pompiye, masu kashe gobara, 118 ce a Kamaru, mu nan Chadi 18, a sa yara su haddace, duk da dai kafin mota ta ratso lungunanmu maƙwabta ne da bokiti.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): Ƙuna kam ni gwana ce, shekara talatin ina gaban kasko. Ɗanyen ƙwai a fasa a shafa, ko man goge baki, sanyi ƙalau.

Nas (Garwa): Wayyo Inna, yau dai ni da ke ne. Don girman Allah a bar ƙwai, a bar man goge baki, a bar manja da tawadar allo da gishiri da kashin shanu, duk na gani da idona. Mu ne ke zama muna kankare su daga jikin yaro yana ihu kafin mu ga ciwon, kuma su ke sa ya ruɓe. Ruwa kawai, mai sanyi na randa ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara a wurin har minti 20, a duba agogo don ya fi yadda ake zato tsawo. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne kar a fizge, ƙurjin da ya taso kar a fasa, a rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita, ko a fuska take ko hannu ko gaba, ko jariri ne, asibiti.

Tunda na fara bari in ƙarasa da maciji, don in ruwa ya cika su ma tudu suke nema kamar mu, kuma nan kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, wadda ake kira gobe da nisa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba tamau, na ga ƙafar da ba dafin ya ɓata ta ba ɗaurin ne. A kwantar da mutum, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar karaya don kar ta motsa, a ɗauke shi kar ya taka, a kai inda ke da allurar dafi. Kububuwa mayaudariya ce, mutum zai ce ai na warke yana hira, alhali jininsa ya daina daskarewa, sai an ga dasashi na jini ko fitsari ya yi ja. In gamsheƙa ce ta yi tofi a ido, ruwa mai yawa a yi ta wankewa. Abin da ya kamata kowane mai gida ya sani tun yau shi ne wane asibiti ne kusa da shi ke ajiye allurar, ba ranar da abin ya faru a yi ta yawo kan moto ba.

Manomi (Mokolo): Baƙin dutse fa Aunty? Kowa a ƙauyenmu yana da shi, kuma na ga waɗanda ya yi wa aiki

Nas (Garwa): Ba ya zuƙe dafi. Waɗanda ka gani, maciji da yawa ba su da mugun dafi, mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba ba, sai dutse ya ci suna. Matsalarsa awannin da ake ɓatawa ana jiran ya faɗo.

Manomi (Mokolo): To ni dai ba zan jefar da nawa ba, amma zan manna shi muna kan hanyar asibiti hhhh

Nas (Garwa): In dai ba za a tsaga wurin ba don a manna, kuma moto na tafiya, mun shirya.

Ɗan Klando (Marwa): Ni abin da zan ƙara daga kan titi. Kusan kullum muna ganin hatsari, kuma abin da jama'a suka iya shi ne taruwa da ɗaukar bidiyo da ɗura wa mutum ruwa a baki yana sume. Wani ɗan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ya taɓa koya mana a tasha, jini in yana zuba ka samu tsumma ka danna da ƙarfi kar ka riƙa ɗagawa kana leƙe, in ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, ba ruwa ba madara. Wanda ake zaton wuya ko baya ya taɓu kar a naɗe shi a cusa a mota kamar buhu. Da wannan ɗan abin na taɓa riƙe wani yaro da gilas ya yanke a cinya har muka isa, rigata ce ta tafi. Sai kuma kowa ya iya liƙin taya da gyaran buji, mace ko namiji, don moto ba ta mutuwa sai inda ba kowa.

Makanike (Waliya, Njamena): Kar ka kashe mana kasuwa mana. Amma gaskiya ne, har haɗa ƙaramin sola da batir yaro ɗan shekara 12 zai iya in an nuna masa ja da baƙi. A Tukra nan Njamena lokacin da mutane ke zaune a tantuna wanda ke da faranti ɗaya na sola ya zama sarki, layi ake yi wajensa sharjin waya.

Baban Yara (Kusiri): Wayar nan ai ita ta fi ba ni kunya. Kuɗina duk suna ciki, waya ta jiƙe ta mutu, na tsaya gaban mai burodi da dubu tamanin a lambata ba ni da ko dala a aljihu. Kuma aka ba ni aron waya in kira ƙanena a Garwa na tsaya ina kallonta, lambar matata ma ban haddace ba. Yarinyata 'yar shekara 9 ce ta karanto lambar kawun nata, wai Iya ce ta sa ta haddace kamar karatun allo.

Amarya (Ngaundere): Kai Iya duniya ce wallahi. Yaya ka ba mu aron ta mako ɗaya

Malam na Tsangaya (Garwa): Takardu ma kar a manta. Wanda ya taɓa neman sabuwar takardar haihuwa bayan ta ɓata ya san wahalar da ake sha, ga shi kuma ana neman ta in yaro zai zana CEP, jarrabawar gama firamare. A naɗe su a leda biyu wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani, a ɗauki hotonsu a tura wa ɗan'uwa a wani gari. Kuma a san gidan da ke da tsoho ko mai ciki ko gurgu a layi, da wanda zai ɗauke su, a yi maganar tun yanzu gaban bulama ko a masallaci bayan la'asar.

Baban Yara (Kusiri): Na gode ƙwarai jama'a, na samu fiye da abin da na nema. Ga yadda na yanke. Gobe Iya za ta zaunar da su kan wuta da zogale da shanya tunda malamar tana gida, ni ma zan zauna cikin ɗaliban ba girman kai. Ruwan gishiri da sukari na rubuta zan manna a ƙofar madafa kowa ya haddace, wanda ya kasa ba kallon ƙwallo. Iyo kuma na yi magana da wani abokina Bakotoke, ya ce sai dai a bari ruwa ya janye bayan watan 12 a samu wuri marar zurfi, yanzu kogi ya fara ƙarfi. Sauran rigimar uwarsu ce, ta ji ina karanta saƙon Inna da ƙarfi ta ce a gaishe ta, ita ce kaɗai mai hankali a gidan nan.

Inna Mai Ƙosai (Domayo): Ina amsawa. Ka ce mata ta tsaya kan bakanta.

Masunci (Yagwa): Inna ki bari ya kai su mana, ni zan zo Kusiri da kaina in tsaya a ruwan

Inna Mai Ƙosai (Domayo): To ka fara da uban, in bai nutse ba sai mu yi maganar yaran.